Wa Ya Fasa Tulunan Hajo?

Idan aka gama girbi a Kurawa aka shigar da damman gero rumbu, mu yara sai mu ga duniya ta zama tamu. Babu korar tsuntsaye, babu kai fura gona. Da an yi sallar magariba an ci tuwo, sai mu kwaso karan gero mu jibge a ƙofar ɗakin Inna Tumba, mahaifiyar babanmu. Ita ke hura wutar da kanta, don ta ce mu ba mu iya komai ba sai ta da hayaƙi. Tana zaune bisa tabarmar kaba tana tura gyaɗa cikin toka da tsinke, tsagar Gobirci tana motsi a kumatunta duk lokacin da ta yi dariya. Mace ce mai faɗa ƙwarai, amma faɗanta bai taɓa hana kowa gyaɗa ba.

Zamanin Turawa ne, kuma a shekarar aka ɗauke ni makarantar boko, ni kaɗai daga gidanmu. Na dawo hutu ina ta cika baki cewa malaminmu bai taɓa ce mini na yi kuskure ba. Inna ta dube ni ta gefen ido, ta gyara zama.

"Ga wata nan tahe, kowa shi buɗe kunnenai."

"Ta iso mu ji ta!"

Ta ce a tsohon birnin Alkalawa an yi wata tsohuwa maginiyar tukwane, wadda aka kawo wa marainiya mai suna Hajo don ta koya mata sana'a. Hajo tana da hannu, bakin tulunta ya fi na kowa kyau, sai dai kullum takan bar gindin ba kauri. Tsohuwa ta gani tun ranar farko. Amma idan ta buɗe baki za ta faɗa, sai ta tuna yarinyar ba ta da uwa, ta ji ba za ta iya sa ta kuka ba. Sai ta aike ta rafi, kafin yarinyar ta dawo ta ƙara wa gindin yumɓu ta shafe, ba alama. Jama'a suka yi ta yabon Hajo, ita kuma tana cewa duk duniya babu mai kirkin malamarta.

Da Hajo ta yi aure a wani gari mai nisa, sai ta gina wa matan garin tuluna, ta toya, suka ɗauka suka nufi rijiya. A kan hanyar dawowa gindin tulunan suka yi ta zubewa ɗaya bayan ɗaya, mata suka jiƙe sharkaf, aka bi Hajo da ihu. Ta taka har Alkalawa don ta tambayi inda ta ɓata, ta tarar an binne tsohuwa.

"To, ku hwaɗa min," in ji Inna, "wa yah hwasa tulunan ga?"

"Hajo ta, Inna!"

"Ji su, kawunan kabewa. Mi Hajo tas sani, ita da ba a taɓa nuna ma inda tab ɓata ba?"

Yayata ta ce ai tsohuwar tausayi ta ji. Inna ta tofar da ɓawon gyaɗa cikin wuta ta ce, "Tausai? Tsohuwa dai ta so a so ta. Tatsuniya ta ƙare, ku tashi ku ba ni wuri." Ni a ranar haushi na ji, don na san da ni take.

Shekaru suka wuce, Inna ta rasu, ni kuma na zama malami a wata elementare a ƙasar Isa, Turawa ba su tafi ba tukuna. Yadda muke koyarwa a lokacin shi ne malami ya karanta layi, aji ya amsa gaba ɗaya da ƙarfi. A ajina akwai Bawa, ɗan wani falke mai kai kaya ƙasar da Faransa ke mulka a arewa da mu. Rabin shekara yana bin jakunan ubansa, amma Allah ya ba shi kunne. Abin da ya ji sau biyu ya zauna, har ya haddace littafin karatu daga bango zuwa bango. Wata rana na nuna masa kalma guda a tsakiyar shafi, ya yi tsuru-tsuru. Nan na gane bai san baƙi ko ɗaya ba.

Ina son yaron, shi ma yana sona, har ƙwan zabi yake kawo mini. Na ce a raina sannu a hankali zai gane. Ranar da Baturen makaranta ya zo duba mu, na buɗe wa Bawa shafin farko, ya zuba shi kamar ruwa. Bature ya yaba masa, ya yaba mini. Da ubansa ya tambaye ni, na ce ai Bawa ya iya.

Ana nan sai wata ranar kasuwa aka kawo wa uban wasiƙa daga ƙanensa da ke cin rani a Ƙaura. Cikin alfahari ya kira Bawa gaban abokan fataucinsa ya miƙa masa. Bawa ya buɗe takarda, ya karanto musu wasiƙar gwaji da ke cikin littafinmu: gaisuwa mai yawa, fatan kuna lafiya kamar yadda muke nan lafiya. Kowa ya sa albarka. Uban ya kora jakunansa ya yi arewa.

Bayan ya dawo ya ji ƙanen nasa ya rasu. Ya zo makaranta da takardar a hannu, ya ce in karanta masa. Layi uku ne kacal. Mutumin yana kwance ba mai jinya, yana roƙon yayansa ya zo maza. Na karanta masa.

"Malam," in ji shi, "ba kai kac ce min ya iya ba? Ni ban iya ba, shi ya sa nib ba ka shi."

Bai zage ni ba. Da ya zage ni da na fi jin sauƙi. Da ya tafi na kira Bawa na tambaye shi me ya hana shi cewa bai iya ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, gani niy yi in na ce ban iya ba, kai za a yi ma dariya."

Yaro ɗan shekara goma ya rufa mini asiri, ni da aka ba amanarsa. Washegari na zaunar da shi a gaba muka fara daga baƙin farko. Ya yi kuka, ya daina kawo mini ƙwai, ya yi wata biyu ba ya gaishe ni sai dole. Kafin damina ta faɗi yana karanta kowace takarda aka ba shi.

Na yi shekaru masu yawa ina koyarwa bayan wannan, kuma yara da dama sun ce Malam ba shi da sauƙi. Ban musa ba. Na gane wanda aka ba ɗa ya koyar, ba a ba shi don a so shi ba, kuma kuskuren da ya gani ya yi shiru, nasa ne. Bawa ya girma, ya zama mai rubuta wa mutane wasiƙa a kasuwar Sabon Birni, har yau yakan zo gaishe ni da salla. Ubansa kuwa har ya koma ga Allah, in muka haɗu yakan amsa sallamata, amma bai sake kirana Malam ba.