Damin Iri da Mafarkin Sarkin Babila

A bazarar da labari ya iso Tambuwal cewa Nasara sun ci Sakkwato, ni magidanci ne mai mata ɗaya da saurin fushi. Gari ya rikice. Malamai na cewa zamani ya juya, mai son addininsa ya yi gabas, kuma ban tsaya dogon tunani ba na ce da ni za a tafi. Har yau ban ga laifin waɗanda suka tafi ba, don Allah suka yi.

Abu biyu suka tsaya mini. Mahaifiyata ba ta iya doguwar tafiya, ga kuma rumbuna ya yi ƙasa, babu abin guzuri sai damin iri. Kowane manomi ya san wannan damin: zangarniyar da ta fi kyau ake zaɓa da kaka, a rataye inda hayaƙin murhu ke bugunta don ƙwari, kuma ko yunwa ta kai ina ba a taɓa shi. Na kwance shi ba tare da na ji ko ɗar ba, na ɗora wa jaki tare da tsohuwa, muka nufi Kebbe wurin kawuna, yayanta. Niyyata in bar ta can, a sussuke mini irin a daka.

Kawu manomi ne mai ɗingishi, tun wata saniya da ta take shi yana saurayi. Ga shi da son labari, in ya soma sai ka nemi wurin zama. Da ya ga damin, ya dube ni, ya dubi jakin, kamar yana auna wanda ya fi hankali a cikinmu.

"Wanga iri na, ko idona na?" in ji shi.

Na ce, "Kawu, mulki ya ƙare. Wa zai tsaya shuka?"

Sai ya shimfiɗa buzu, ya kawo mini abin da ya taɓa ji wurin wani alhaji da ya biyo ta Masar. Wai sarkin Babila ya yi mafarkin wani ƙaton gunki, kansa zinariya, ƙirjinsa azurfa, cikinsa tagulla, ƙafafunsa baƙin ƙarfe, tafin ƙafar kuma ƙarfe gauraye da yumɓu. Dutse ya faɗo ya niƙe shi. Wani annabin Bani Isra'ila da ke tsare a ƙasar ya fassara masa: kai ne kan zinariya, bayanka wasu dauloli za su zo bi da bi, kowace ta wuce, mulkin Allah kaɗai zai tabbata. Kawu ya lanƙwasa yatsu yana lissafawa, Farisa, Yunanawa, Rumawa, ya ce duk haka aka yi, ba wadda ta tsallake.

Raina ya ɓaci, don ina ganin maganata yake ƙarfafawa yana kuma ɓata mini rana. Na ce, "To ai ka gani! Namu ma ya bi sahu."

"Na gani," ya ce. "Amma ɗana, cikin labarin nan duka, ina kaj ji anka ce damina ta ƙi zuwa? Ranar da kan zinariya yaf faɗi, mutanen Babila mi sunka ci da safe?"

Duk da haka ban fasa tafiya ba. Da ya ga haka, ya sa aka ɗebo mini geron ci daga nasa rumbun, wanda ya fi damin nawa yawa, ya ce musanya ce, irin ya zauna wurinsa. Na karɓa ina gunaguni, na bar tsohuwa wurinsa, na koma na ɗauki matata muka bi ayari.

Ba mu yi nisa yadda muka so ba. Matata ta kwanta da zazzaɓi a wani ƙauye, ayari ya wuce ya bar mu, guzuri ya ƙare a jinya. Muka juyo Tambuwal bayan ruwa ya sauka, hannu rabbana. Kowa ya riga ya shuka abin da yake da shi, ba mai sauran iri ko na aro. Tsoro ya kama ni sosai, domin wanda damina ta wuce shi bai shuka ba, ya san abin da ke jiransa.

Na tafi gonata don dai in ga irin ciyawar da ta cinye ta. Sai na tarar da gero ya tsiro, layi-layi har bakin iyaka. Maƙwabcina ya ce wani tsoho ne ya zo da 'ya'yansa tun ƙasa na bushe, suka yi binne, wato shuka kafin ruwa, suka koma. Bai ma tambayi sunansa ba. Ni kuwa ban bukaci suna ba. Mai riƙe sungumi da takunsa yake auna rami, kuma ramukan nan ɗaya da nisa ne, ɗaya kusa, ɗaya da nisa, ɗaya kusa, tun daga farkon gona har ƙarshenta. Na durƙusa a wurin na yi kuka, ban ji kunyar kowa ba.

Da na je Kebbe godiya, bai bar ni na gama ba. Ya ce in koma, ciyawa ba ta jiran mai godiya. Bai ga kakar wannan shekarar ba, Allah ya jiƙansa. Jikan wannan irin ne a rataye bisa murhuna yanzu.