Zauren da Ba Shi da Ƙyaure

Kakata Iya Dije ba ta fara labari sai an kwashe tuwo. Daga nan ta jawo 'yar kujerarta gaban murhu, ta tura itace da ƙafa, mu jikoki muna rigimar wa zai zauna kusa da wuta. Ni ta fi zolaya. "Kai mijin banza, matsa can! Ko goro ba ka taɓa kawo mini ba."

Yawancin tatsuniyoyinta na manta. Wanda ya zauna mini shi ne labarin Zauren Fatake, wani tsohon ginin ƙasa a bayan kasuwar garinmu, wanda tun tasowarmu ba shi da ƙyaure.

Ta ce kakanninmu masu zuwa Gwanja sayo goro ne suka gina shi. A ciki suka rantse sun zama 'yan'uwa: wanda ya mutu a hanya, sauran su riƙe masa iyali. Wata shekara ayari ya dawo babu mutum ɗaya, Ɗan'asabe, kuma ba wanda ya ga gawarsa. Sai madugu ya sa aka cire ƙyauren, ya ce ba za a rufe ƙofa ɗan'uwa yana waje ba.

"Iya, ya dawo?" mukan tambaye ta.

"Oho! Ni dai na san kafin a gama jiransa wani ya tafi, ana jiran wancan wani ma ya tafi. Awaki ne suka ci riba, sun samu wurin kwana."

Mu kwashe da dariya, ita kuwa ta ci gaba da kallon wuta.

Wurin zama a zauren gadonsa ake yi. Da babana ya rasu nasa ya zama nawa, ni kuwa ina nan unguwar Bronx a birnin New York ina tuƙin taksi. Ban taɓa zama a wurin ba.

Kwanan baya ina layi a filin jirgin sama na JFK ina jiran fasinja, sai ga kiran Baba Tanko, dattijon da ya rage yana share zauren. Bayan doguwar gaisuwa ya ce samari na son mayar da wurin shagon cajin waya, kaya kuwa ba sa kwana babu ƙofa. Sauran matafiya masu wurin zama a zauren duk an san makomarsu, wasu sun dawo, wasu sun rasu.

"Kai kaɗai muke jira, Sani," in ji shi. "In kana tafe sai in hana su, ko da za su zage ni. Kana tafe?"

Matata tana aikin jinya a nan unguwar Soundview. Yarana in na yi musu Hausa da Turanci suke amsawa. Iya ta daɗe a kabari.

Na ce, "Baba, a sa ƙofar."

Ya ce, "To. Allah ya sa haka ya fi alheri. Ka gaishe da yara."

Ina yaro na ɗauka labarin na masu jira ne da amanarsu. Ban taɓa kawo wa raina cewa wataƙila Ɗan'asabe yana wani gari lafiya lau ba, da mata da 'ya'ya, ba dai wanda ya same shi ya tambaye shi ne. Ni an tambaye ni. Na zauna ina jiran baƙin ciki ya zo, wallahi ban ji komai ba, har yau kuma shiru. Motar bayana ta yi mini hon, na matsa gaba.