Kwalbar da Abakar ya ɗaura wa zare

Har gobe ban manta da ranar da na koma labo ɗinmu, wato ɗakin gwaje-gwaje, a tsakiyar yaƙin 1980 ba. Ku sababbin ma'aikata kuna cewa na cika tsanani a kan rahoto, to ga dalili.

Ni mataimakin shef ne, wato shugaban labo, a lokacin, Abakar kuma shi ke gwaji. Kwal ake kawo mana daga ƙasashen maƙwabta, a ga ko zai maye gurbin itacen girki. Sai mu daka shi ya yi gari, mu raba biyu, mu gasa rabi a tanda. Kowane rabi a zuba shi a siririyar kwalba, a tsiyaya masa wani ruwan magani mai wari da ake kira piridin. Wanda ya gasu sosai ya ƙanƙame, da kyar yake motsi. Ɗanyen kuwa yana sha yana kumbura, kwana biyu ko uku, sannan ya tsaya cak. Kowa da alƙalami yake alamar tsayinsa, ban da Abakar. Shi jan zare yake ɗaurawa, muna ta tsokanarsa da tela.

Da wutar yaƙi ta yi zafi muka haye kogi zuwa Kusri a kwalekwale, Abakar bai biyo mu ba. Bayan wata huɗu aka ce an ga gawarsa a unguwar Kelemat. Matarsa Hajara ta same ni.

"Yaya Sani, in shiga takaba ko in jira? Ka duba mini, abin da ka ce shi ke nan, kalas."

Na haye da hantsi. Unguwar tsit, ko kare babu. Ƙofar labo a ɓalle, ƙura ta rufe komai, tanda ta yi sanyi. Amma a kan tebur ga kwalba biyu tas, kowace da jan zare, warin piridin sabo. Na yi alama da alƙalami, na zauna ina kallo. Kafin azahar ɗanyen kwal ya haura alamata. Wannan ruwan bai kwana uku da zubawa ba.

Na ƙwala kiran sunansa har muryata ta dishe. Na duba ƙasa, sawuna kaɗai ne a ƙurar.

Da na koma, tsoro da murna suka ɗebe ni, na ce mata, "Kada ki shiga. Shekaranjiya ma yana da rai."

Abakar bai dawo ba. Hajara ta ƙi takaba, ta ƙi aure, duk wanda ya yi mata magana sai ta ce ai Yaya Sani ya auna. Haka ta tsufa, kuma nauyin yana wuyana.

Abin da na auna shi ne lokacin da aka zuba ruwan. Hannun da ya zuba, ban auna shi ba. Shi ya sa nake jan layi a rahotonku duk inda kuka rubuta abin da kwalba ba ta nuna ba.