Tiyo Biyu, Babu Goyo

Da cikin 'yata ta fari nonuwana suka fara girma, na haihu ba su tsaya ba. Kafin ta yi wata goma sun sauko har cibiya, ƙasansu ya yi gyambo, bayana kullum ciwo. Dole aka yaye ta, aka kai ni Jos aka rage su.

Aka sallamo ni na koma gida garin Lafiya da tiyo biyu, ɗaya a ƙasan kowace hammata, kowanne yana ɗigar da ruwa mai jini-jini cikin 'yar kwalbar roba. Na ɗinka musu aljihu ta cikin riga. Kullum da safe in juye, in auna, in faɗa wa nas ɗin da ke zuwa duba ni. Ƙarnin kaɗai ya ishi mutum. Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne dokar likita: ban da ɗaukar abu mai nauyi, ban da ɗaura zane a ƙirji. Ke nan ban da goyo.

Yarinyar kuwa, tunda aka raba ta da nono, bayana kaɗai ya rage mata. Ta rarrafo tana miƙo hannu, ni kuma in kare kwalabe in ture ta.

Maƙwabciyarmu, wata 'yar ƙabilar Eggon mai sayar da doya, ita ta tausaya.

"Maman bebi, kawo shi," in ji ta. "Ni zai goya shi, kai ka huta."

Da ita take zuwa kasuwa, da ita take zuwa famfo. Ina gode mata da baki, amma Allah ya sani haushinta nake ji.

Rana ta tara da sallamo ni, da hantsi suka dawo, yarinyar ta kwantar da kumatu a kafaɗarta, yadda take yi mini. Zuciya ta ɗebe ni. Matar tana sauke ta ta fita, na tura ƙofa, na durƙusa na ɗora 'yata, na ja zane na ɗaure tamau a ƙirji yadda hannu ya saba.

Tiyon hagu ya fizge. Na kurma ihu, na saki zanen, yarinyar ta zame ƙasa, kwalbar ta buɗe ta zube mata a fuska. Ba ta ji rauni ba. Kallon da ta yi mini ne har yau ban manta ba.

Nas ta wanke ni tas da faɗa. Ɗinki ya buɗe, tiyon dama da ya rage ya ƙara kwanaki, goyo kuma sai bayan wata uku.

Ranar da likita ya yarda, na ɗauko sabon zane. Lokacin yarinyar ta fara tafiya. Na durƙusa a tsakar gida ina buga bayana.

"Zo, uwata. Zo ki hau."

Ta tsaya tana kallona. Sai ta juya, ta laɓe bayan maƙwabciyar, ta riƙe mata zane gam.

"Je wurin mamanka mana," matar ta ce.

Ba ta zo ba. Washegari ma haka, har na daina durƙusawa don kunya. Bayana ya warke sarai, ciwon nan bai ƙara dawowa ba. Ita ce dai ba ta sake hawansa ba.