Zuwaira Mai Man Kaɗe

Saratou tana cikin takaba lokacin da hannuwanta suka tsage. Sabulun wanki ne ya cinye su, har ruwan alwala sai ta cije leɓe. Duk man shafawar da aka kawo mata daga farmasi akwai ƙamshi a ciki, mai takaba kuwa ba ta shafa turare. Wata safiya sai ga maƙwabciyarsu Zuwaira da ɗan gwangwanin tumatur cike da man kaɗe.

"Ungo, Yaya. Wannan ko malam ya shinshina ba zai ce komai ba."

Zuwaira ta ƙi karɓar ko dala. Cikin mako guda hannu ya lafa.

Zuwaira haifaffiyar Djougou ce, aure ya kawo ta Zongon Parakou. Sau biyu a shekara take shiga mota ta koma gida sayen ƙwarar kaɗe. Ba kowace take ɗauka ba. Wasu matan da hayaƙi suke busar da tasu don sauri, ita kuwa ta ce man irin wannan yana yi wa fata mai laushi ƙaiƙayi. Sai wadda aka dafa aka shanya a rana. Idanu ba sa rabe su, hanci ne kawai. Ta kan cusa fuska cikin buhu ta ɗago ta ce, "Wannan ta sha wuta, a kai wa masu miya."

Ba ta zuba kala, ba ta zuba abin sa fari. Kowane sabon bugun mai a bayan kunnenta take fara gwadawa. Da ɗanta Moustapha ya faɗa mata wai wasu kamfanoni a jikin zomo suke gwaji, salati ta yi.

"Zomo me ya yi musu? Su ba su da kunne?"

Masu jego daga unguwar Albarika har ta Guéma wajenta suke zuwa, don na sefa ɗari ma tana yanka maka.

Bara wani zazzaɓi ya kwantar da ita. Ta tashi lafiya, amma hanci ya daina jin komai, ba ta kuwa faɗa wa kowa ba. Ta je Djougou ta sayo buhu biyu a kan zato. Da ta buga man, bayan kunnenta bai nuna komai ba, amma jaririn wata Latifa da aka shafa wa ya yi ƙuraje a wuya. Sun warke cikin kwana uku. Duk da haka Zuwaira ta kife tukunyarta, wata biyu ba ta kunna murhu ba. Mata suna sallama suna komawa hannu wofi.

Saratou ta shiga duba ta ranar wata Juma'a. Tana wucewa ta gefen buhunan ta tsaya.

"Wa ya ƙona itace a nan?"

Zuwaira ta miƙe zaune. "Wanne? Nuna mini."

Saratou ta taɓa na hagu. Ɗayan kuma ta ce rana kawai take ji a jikinsa. Zuwaira ta yi dariyar da aka kwana biyu ba a ji ba.

"Yaya, motar Djougou ranar Talata take tashi. Ni zan yi ciniki, ke kuwa don Allah ki zo ki shinshina mini."