Waƙar da Goggo Ta Koya Wurin Baƙuwarta

Jiya a unguwar Mansur, nan ƙasa mai tsarki, na tarar da wani tela ɗan Pakistan yana kallon tsohon fim ɗin Punjabi a wayarsa, 'yan mata na rawa a gonar alkama. Da waƙar ta tashi sai na gane ta. Ita ce marigayiya Goggo, yayar mahaifina, take rerawa ƙasa-ƙasa idan tana daka.

Ina ƙarama, bayan rabuwar Indiya da Pakistan, wata tsohuwa 'yar birnin Lahor na Pakistan ta zo Hajji ta sauka gidanmu. Babu mai jin yaren wata. Da hannu ta nuna wa Goggo cewa 'yarta ta ɓace a tarzomar can, kuma wannan ce waƙar yarinyar. Goggo ma ta binne ɗanta a hanyar Sudan, lokacin da suke tahowa nan daga ƙasar Hausa. Sukan zauna kan tabarma ɗaya, tsohuwar na rerawa, har shayinsu ya huce.

Bayan tafiyarta, wata rana Goggo na dakan citta, ƙamshi ya cika tsakar gida, na ce, "Goggo, me waƙar ke faɗa?"

Ta tsayar da taɓarya. "Wallahi ban sani ba, ya binti, 'yata. Ni dai uwa nake ji tana kiran ɗanta."

Jiyan sai na tambayi telan ma'anar waƙar. Ya yi dariya ya ce, "Ta biki ce, Hajiya, ta murna." Na fito ban ko karɓi ɗinkina ba.

Allah Ya jiƙan su duka biyun, Ya sada kowacce da abin da ta haifa.