Ni Ce Na Shanya Matacin Yaya Sanusi

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Sanusi, kuma har yau a ƙauyenmu, kusa da Fakku, ana cewa matacin ruwansa ne ya kashe yara uku. Na gaji da jin wannan magana ina shiru.

Aikin ruwa ya karanta. Ya dawo gida ya kafa tanki a bakin tafki, ya sa masa tantanin tace ruwa mai hawa biyu. Na sama siriri ne kamar ɓawon albasa, shi ke tare ƙwayoyin cuta. Na ƙasa mai kauri shi ke riƙe da shi. Damuwarsa ɗaya ce: hawa biyun kan rabu kafin shekara. Ya yi ta gwada hanyoyin manne su, har muna tsokanarsa da cewa tankin ne amaryarsa.

Sau ɗaya ya gargaɗe ni a kan tantanin: “Hadiza, kak ki bari abin ga shi bushe.” Na ce to, hankalina na kan tukunya.

Hatsarin babur ya ɗauke shi a hanyar Dogon Daji. Bayan sadakar arba'in ruwan ya koma ɗiga, mata na ta ƙorafi. Sai na ciro tantanin, na wanke shi tas, na shanya a rana kamar ƙyallen tace kamu. Da na mayar, ruwa ya yi ta bulbula, aka yi ta sa mini albarka. Ashe hawan sama ya tsattsage, ido ba ya gani. Mako biyu bayan nan gudawa ta shigo gari, ta tafi da yara uku.

Da zai leƙo yau, zai tarar da tankin awaki na kwana a inuwarsa, masu hali na sayen ruwan leda, sauran sun koma tafki. Na san ba zagin da ake masa zai dame shi ba. Cewa zai yi a nuna masa inda tantanin ya tsage. Ni kam zagin ya dame ni, domin tsoro ne ya sa na bar wa mamaci laifina.

Abin da ya rage nasa sunansa ne kawai, shi ma na bari an ɓata. Iyayen yaran nan suna raye, biyu daga cikinsu har gaisuwa suke aiko mini. To ku ji, iyaye: aikin Sanusi bai kashe muku kowa ba. Hannuna ne, kuma kun san gidan da nake.